Na-Kowa, Ban da Matarsa

Auta ta durƙusa a bakin gado, ta cusa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar surukarta, ɗayan kuma a ƙugu, ta cije leɓe ta jawo. Tsohuwar ta mirgino ɓangaren taga a hankali, hannunta na dama da ya shanye ya faɗo kan katifa kamar ba a jikinta yake ba. Auta ta gyara shi, ta tura filo a bayanta, sannan ta miƙe tana dafe da nata ƙugun.

"Sannu Mama."

"Kin... fizge ni," in ji Mama, da harshenta da ya yi nauyi tun ranar da ciwon ya kayar da ita.

"Yi haƙuri Mama, ban sani ba."

Haka ake yi safe da rana da yamma. Mai shanyewar ɓarin jiki ba a barinsa ya daɗe a gefe ɗaya, in ba haka ba baya ya ɓare ya zama gyambo. Ranar da aka sallame su daga asibiti, nas ta tsayar da Auta da mijinta ta nuna musu yadda ake yi: a shimfiɗa zane a ƙarƙashin majinyaci, mutum ɗaya ya kama baki ta nan, ɗaya ta can, a ɗaga tare. Har sai da ta ja musu kunne cewa aikin mutum biyu ne, duk wanda ya ce zai yi shi kaɗai to bayansa ne zai biya.

Sun fara tare ɗin kuwa. Amma da aka zo wajen canja mata kaya, Mama ta ƙanƙame zani da hannunta mai lafiya ta fashe da kuka, ta ce ɗan da ta haifa ba zai ga tsiraicinta ba, gara ta mutu. Ya tsaya sororo yana kallon matarsa. Auta ta yi murmushi ta ce, "Je ka kawai, ba komai, zan iya." Ya fita. To wannan "ba komai" ɗin ita ta cuce ta, don shi bawan Allah ya ɗauke ta da gaske.

Sunan da 'yan coci suka laƙaba masa Na-Kowa, kuma ba su yi ƙarya ba. Gyaran wutar lantarki ne sana'arsa, amma in dai wayarsa ta yi ƙara, ko cokali ya kai baki sai ya ajiye. Fankar gwauruwa ta tsaya, shi ne. Za a kwashe bencuna bayan sujada, shi ne. Matar wani ta fara naƙuda mijin ba ya gari, shi za a kira ya nemo mota. Da wannan halin ma ya sace zuciyar Auta, lokacin tana da ɗan shagonta na kitso. Wata rana soket ya kama da wuta ana tsakiyar ruwan sama, ya zo a jiƙe sharkaf ya gyara, yana ta ba ta dariya har tsoron ya bar ta. A ranar ta ce a ranta, mutumin da ke yi wa baƙi haka, ina ga matarsa? Mama ba ta so auren ba, ta so ya ɗauko 'yar wani dattijon coci mai digiri, amma ya kafe sai Auta.

Yanzu ga shi abin da ya sa ta so shi, shi ne yake ƙona mata rai.

Na-Kowa ya leƙo ɗakin da jakar kayan aiki a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya juyo da fara'arsa.

"Auta tawa, kin tashi lafiya? Akwai abin da kike so kafin in fita?"

"Ba komai."

"Kin tabbata?"

"Na ce ba komai."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. "Halo? A'a, Baba Dattijo! Mitar wutar ce kuma? Ga ni nan, ga ni nan yanzu!" Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce mata, "Sori masoyiyata, yau ina bizi sosai. Allah ya saka miki." Kafin ta ɗago kai har ƙarar mashin ɗinsa ta yi nisa.

Gidan ya yi tsit, sai agogon bango da numfashin Mama. Auta ta kwashe zannuwan da suka ɓaci ta kai bayan gida ta jiƙa. Shayinta ya huce a kan tebur, ta sha shi a tsaye da sanyinsa. Shago kam ta rufe shi tuntuni, masu zuwa kitso sun yi ta kira har sun gaji sun koma wajen wata. Wani lokaci sai ta wuni ba ta ji muryar kowa ba sai ta Mama, ita ma ɗin ƙorafi ne. Hannayenta da suka saba da ƙamshin man gashi, yanzu sabulu da ruwan wanki sun cinye su, fatar duk ta tsattsage.

Ranar Lahadi ta fi kowace rana ciwo. Tana tsaye a taga za ta ga mata suna wucewa cikin ado, yara suna tsalle a gabansu. Can titin ya ɗauke, ba kowa. Takan fara rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa tana shanya, sai ta kasa ƙarasawa ta bari.

Wata Lahadin bayan an tashi, sai ga Yaya, babbar yayar Na-Kowa, ta shigo da matan coci sun zo duba Mama. Yaya irin matan nan ne da turarensu ke riga su shiga ɗaki. Ba ta taɓa ɗaukar ko kwanon wanke hannu a gidan ba, amma bakinta ba ya hutawa.

"Kai, kun ga Mama tsaf da ita!" in ji ɗaya daga cikin matan. "Ko ɗigon ƙurji babu a jikinta."

"Ai ƙanena ne," Yaya ta karɓe. "Yaron nan Allah ya yi masa zuciyar hidima. Ga coci, ga gida, ban san lokacin da yake barci ba."

"Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa!"

"Amin!"

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da tiren kofuna. Ta kalli Mama ko za ta ce wani abu, Mama ta kawar da ido. Yaya ta ɗaga hanci ta shinshina.

"Ke, ba kya buɗe tagar nan ne? Ɗakin yana ɗan tashi. Kuma an daina ganinki a coci gaba ɗaya, har matar Fasto tana tambaya. Hidimar jiki daban, ta ruhu daban fa."

"To, Yaya."

Da baƙin suka watse, tana ɗakin girki tana wanke kofuna ta jiyo Yaya ta ja ƙanenta gefe.

"Matar nan taka kullum fuska a murtuke, kamar an yi mata dole. In ta gaji da uwarmu ta faɗa mana, ta tafi gidansu ta huta."

"Haba Yaya!" Ya yi dariya. "Auta? Ai ita ba ta gajiya. Kullum sai na tambaye ta, da bakinta take cewa ba komai."

Kofin da ke hannunta ya kusa suɓucewa. Wato har cikin ransa ya yarda ke nan? Ta zauna a kan buhun shinkafa ta toshe baki da gefen zaninta, ta yi kuka mai isarta ba wanda ya ji. Sai na roƙe shi? Ba shi da ido ne? Yana ganin fankar gwauruwa daga wata unguwa, amma ba ya ganin matar da ke kwana kusa da shi tana juyi saboda ciwon baya! A nan kan buhun ta yanke shawara: za ta tafi gidansu kamar yadda Yaya ta faɗa, kuma in ta tafi ba dawowa. Ba don ta daina sonsa ba. Son ne ma ya sa abin ya fi ci mata rai.

Amma bari a faɗi gaskiya, ko da Auta ba za ta so ji ba. Shirun nan nata ba duka ne haƙuri ba. Tun tana yarinya take jin wa'azi cewa bawan kirki ba ya gunaguni, sai ta fahimce shi a karkace, ta ɗauka cewa duk wanda ya ce "taimake ni" ya zubar da ladansa. A hankali wahalar ta zame mata abin taƙama a ɓoye. In ta durƙusa addu'a, ba roƙo take yi ba, ƙarar mijinta take kaiwa. Tana so ya gano da kansa, ya ji kunya, ya zo yana ba ta haƙuri, ita kuma tana tsaye fes ba ta taɓa neman komai wajen kowa ba. Shi kuwa gogan naka an saba masa da kira. Wanda ya buga waya shi ne mabukaci, wanda ya yi shiru lafiyarsa ƙalau. Duk cocin nan, babba da yaro, Auta ce kaɗai ba ta taɓa kiransa ta ce ya zo ba.

Ana cikin haka, wata safiya ya fita ɗaura fankoki a sabon ɗakin karatun yara na coci. Rana ta ɗaga, maƙwabta duk sun tafi aiki. Auta ta shiga ta tarar Mama ta ɓata jikinta har katifa.

"Ba komai Mama, yanzu zan gyara ki."

Ta cusa hannu kamar kullum, ta jawo. Sai ji ta yi wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayanta, kamar an soka mata wuƙa mai zafi.

"Wayyo Yesu!"

Ƙafafunta suka saki, ta zube a ƙasa. Mama da aka saki a rabin juyi ta zamo bakin gado, kafaɗarta da ta shanye tana lilo a waje, hannu mai lafiyar ne kawai ya damƙi ƙarfen gadon. Auta ta yunƙura za ta tashi, azaba ta mayar da ita. Ta sake gwadawa, sai da ta ga duhu-duhu.

"Riƙe da kyau Mama, filis kar ki saki! Yanzu zan tashi!"

"Ba za ki... iya ba," in ji Mama tana haki. "Kira... mijinki."

Wayar tana ɗaure a bakin zaninta. Ta kwance ta, ta nemo lambar, sai yatsanta ya tsaya. Ko a wannan halin, wai sai da wani abu ya taso mata a ƙirji yana cewa kar ki kira, bari ya dawo ya tarar da ku a haka ya ga abin da ya jawo.

"Yana aikin coci, Mama."

"Ke ba... 'yar coci ba ce?" Hawaye ya gangaro ta gefen bakin tsohuwar da ya karkace. "Ni na kore shi... don kunya. Ke kuma... kin ƙi kiransa... don girman kai. Halinmu ɗaya... ni da ke. Kira shi... hannuna ya gaji."

Maganar ta doki Auta fiye da ciwon. Girman kai? Ita da ke kwasar kashi da fitsari? Ta kalli yatsun Mama suna rawa a jikin ƙarfe, ta danna.

Bugu ɗaya ya ɗauka, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Auta? Ikon Allah, yau ke ce da kira? Lafiya dai?"

Saura kaɗan "ba komai" ta kuɓuce mata, don bakin ya riga ya saba. Ta haɗiye ta.

"Ba lafiya ba. Na faɗi, na kasa tashi, Mama za ta faɗo. Ka zo... ba zan iya ni kaɗai ba. Na daɗe ba na iyawa. Don Allah ka zo."

Ba ta ji amsarsa ba, sai ƙarar wani ƙarfe da ya faɗi. Ta jawo jiki da gwiwar hannu har gindin gadon, ta tokare kafaɗar Mama da tafinta, suka zauna a haka suna jira, kowacce tana jin numfashin 'yar'uwarta.

Ya faɗo ɗakin ko takalmi bai cire ba, fuskarsa duk ƙurar silin. Ya yi kan matarsa, ta ce, "Mama tukuna!" Ya rungumi uwarsa ya mayar da ita tsakiyar gado. A nan ne warin ya buge shi, ya ga halin da katifar take ciki. Ya ɗan ja baya, ya kalli ƙofa kamar mai neman wanda zai kira. Babu kowa, sai shi.

Mama ta damƙe zaninta ta runtse ido.

Ya durƙusa a gefenta. "Mama, sau nawa kika wanke ni ina ƙarami? Kin taɓa jin ƙyamata? Ki bar ni yau, don Allah. In kunyata kike ji, rufe idonki, ni ma ba zan yi magana ba."

A hankali yatsun Mama suka saki zanin.

Daga kwance a ƙasa Auta ta riƙa gaya masa. Ruwan ɗumi yana cikin fulas, tawul yana bayan ƙofa, a fara daga sama a gangaro, a tsane sosai kafin a shafa mai. Mutumin da ke hawa silin kamar biri, yau ga shi ya rikice, ya zubar da rabin ruwan, zuciyarsa ta tashi har sai da ya fita ya shaƙi iska ya dawo. Amma bai bari ba sai da ya gama. Ya zauna daɓas a ƙasa kusa da ita, gumi na ɗiga.

"Kullum haka kike yi? Ke kaɗai?"

Ta gyaɗa kai.

Ya kamo hannunta ya juya, ya ga tsagar da sabulu ya yi mata. Sai ya kifa fuska a tafin ya fashe da kuka kamar yaro.

"Ana ce mini Na-Kowa ina washe baki, ashe matata tana mutuwa a gabana! Na je inda za a ce sannu da aiki, na bar inda ba mai gani. Ki yafe mini, Auta."

"Ni ma ka yafe mini," ta ce tana kuka. "Ƙarya na yi ta yi maka. Akwai komai. Har na yi niyyar tafiya gidanmu."

Ya ɗago a firgice. "Ki tafi ki bar ni?"

"Na fasa. Amma ka ɗaga ni, ƙasan nan da sanyi."

Suka yi dariya cikin hawaye, har Mama ta yi wani sauti mai kama da dariyar.

A asibiti likita ya ce jijiyar baya ce ta motsu, dole ta kwanta ta huta, ko bokiti kar ta ɗaga. To nan fa aka zo wajen da ya fi mata wuya. Yi wa mutane hidima ta iya, amma a yi mata? Da ya kawo ruwa a roba zai wanke mata ƙafa, ta janye da sauri.

"Bari, zan iya..."

"Kin fara ko?" Ya riƙe ƙafar. "Kin manta Bitrus, almajirin Yesu? Da Ubangiji ya ɗaura tawul zai wanke masa ƙafa, shi ma ƙi ya yi, yana ganin ladabi ne, sai da aka tsawata masa. Miƙo nan, Madam Ba-Komai."

Ta miƙa, kunya kamar ta nutse, amma wani sanyi ya sauka a zuciyarta wanda ta manta rabonta da shi.

Ran Asabar Yaya ta zo ta tarar da shi a tsakar gida ya naɗe wando, yana cuɗa zannuwan Mama, maƙwabta suna leƙe.

"Na shiga uku! Me zan gani? Namiji da wankin kashi, matarka tana kwance tana hutawa?"

"Kashin uwata ne, Yaya, kuma uwarki ce." Ya ɗauraye hannu ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kin ce ni ke riƙe da Mama, na yi shiru na karɓi yabon da ba nawa ba. Auta ce ta riƙe ta har bayanta ya tsage. Yanzu lokacin juya Mama ya yi, kuma ni kaɗai ba zan iya ba. Ajiye jakar ki zo ki kama mini."

Yaya ta ajiye jakar. Ta shiga tana ƙunƙuni, amma da ta ji nauyin uwarta a hannu, ƙunƙunin ya tsaya. Da za ta tafi ta leƙa ɗakin Auta, ta daɗe a tsaye tana wasa da zoben hannunta, sannan ta ce, "Sannu ƙanwata. Zan riƙa zuwa ran Lahadi da safe, in kin warke ki samu ki je sujada."

Na-Kowa bai daina taimakon jama'a ba, halinsa ne. Sai dai yanzu in an kira yana tsakiyar aikin gida, yakan ce, "Ku yi haƙuri, ina hidima a nan, zan zo in na gama." Wasu suka ji haushi, wasu suka koyi ɗaukar benci da kansu.

Ku da ke shirin aure, ku riƙe wannan. Hidimar da Almasihu ya koya mana daga ɗaki take farawa, inda ba mai tafa maka. Kuma tawali'u ba shi ne ka haɗiye wahala kana jiran a gane ba. Wanda ya iya durƙusawa ya wanke ƙafar wani, ya kuma koyi miƙa tasa a wanke.

Wata yamma Mama ta sa ɗanta ya kawo mata Auta, ya kwantar da ita a gefenta a kan gadon. Ta ce ya buɗe mata kwalbar man zafi ya fita. Ta lakato da hannunta ɗaya da ya rage, ta fara shafa wa surukarta a baya, a hankali.

"'Yata," ta ce, karo na farko tun da aka kawo Auta gidan. "Nan ne?"

Ba nan ba ne, ta yi sama da yawa. Saura kaɗan Auta ta ce nan ne, hawaye yana jiƙa filo. Sannan ta buɗe baki.

"Ƙasa kaɗan, Mama. Yauwa... nan ne yake mini ciwo."